Ma'aunin Kogi da Kunyar Zarami

Shekara goma sha huɗu ke nan shagona yana jingine da na Zarami, bango ɗaya ya raba mu, a layin da ke gangarawa bakin kogi a Haɗeja. Sunana Buba. Maganin dabbobi nake sayarwa, ina kuma taɓa noman shinkafa a wata fadama da ke kan hanyar Guri. Shi kuwa gyaran kwamfuta yake yi da buga wa mutane takardu. Ni Bafillace ne, shi Babarbare, saboda haka in kun ji na kira shi bawana kada gabanku ya faɗi. Shi ma haka yake kira na, sai dai shi ƙarya yake yi.

Mu Fulani aka sani da kunya. Ni kaina na taɓa kwana da yunwa a gidan surukai da kwanon tuwo a gabana. Amma wallahi tunda uwata ta haife ni ban ga mai kunya irin Zarami ba. Dogo ne siriri, in yana magana sai ka matso da kunne. In ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Mutum zai kawo masa kwamfutar da ya zuba wa shayi da hannunsa, Zarami ya buɗe ya ga madara ta bushe a ciki, ya ɗago kai ya ce, "Wataƙila danshin damina ne." Ba ya iya ce wa mutum ka yi kuskure, ko da kuskuren yana ɗiga a kan teburinsa.

Bayan babbar ambaliyar nan da ta ci rabin gonakin ƙasarmu, wasu masu bincike suka zo da motoci farare, suka kafa wani ƙarfe a gaɓar kogi mai auna tashin ruwa. Ƙarfen yana aika abin da ya auna zuwa wani ɗan akwati, akwatin kuma an jona shi da kwamfuta. Shagon Zarami ya fi kusa, kuma shi ya taya su ɗaura wayoyi, sai suka ajiye akwatin da kwamfutar a wurinsa. Da shirinsu ya ƙare suka ce ya kula da kayan kafin su dawo. Har yau muna sauraron ƙarar motarsu.

Wani da tuni ya sayar da kwamfutar ya sayi tunkiya. Bawana kuwa sai ya ɗauki maganar kamar wasiyya. Ya zauna ya koya wa kwamfutar tura saƙon waya: duk lokacin da ruwa ya haura wani ma'auni, ko ya fara tashi da sauri, sai saƙo ya tafi wayar Baba Fannami, shugaban manoma da masunta na wajen Guri, da wayoyin wasu mutum arba'in, har da tawa. Ruwan da ya wuce Haɗeja yau, sai ya yi kwana biyu ko uku yana lalube cikin kachalla, doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, kafin ya isa fadamunmu. A waɗannan kwanaki ake cika buhunan yashi, a ɗaga jinga, a yanke shinkafar da ta nuna, a kau da injinan ban ruwa. Dokar mai sauƙi ce, kowa ya haddace ta: in saƙo ya zo a tashi, in ba saƙo lafiya lau.

To, ita wannan kwamfuta ba irin manhajar da kowa ya sani ce take tuƙa ta ba. Tata ta kyauta ce, wadda mutane daga ƙasashe barkatai suka taru suke rubutawa kamar aikin gayya. Asalin rubutun a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya karanta, ya gyara, ya mayar. Zarami yana ce masa tushe. Kuma tushen nan ba ya zama wuri ɗaya. Kullum sai wani ya toshe wata ɓaraka, wani ya canza wata hanya, wani ya rushe abin da na jiya ya gina. In kana so kwamfutarka ta zauna lafiya a intanet, dole ka riƙa janyo sababbin canje-canjen kana haɗawa da naka.

Ranar Juma'a yake yin wannan. Da an sauko daga masallaci, kafin ya ci abinci, zai zauna ya janyo sabon tushe, ya dudduba, sannan ya sa kwamfutar ta juya rubutun ya zama manhajar da za ta yi aiki. Ni girki nake ce wa wannan mataki, don tsohuwar kwamfutar sai ta yi kwana biyu tana huci kafin ta sauke. A shekara goma sha ɗaya bai tsallake Juma'a ko ɗaya ba. Ranar sunan 'yarsa ta fari Juma'a ce, aka neme shi wajen rabon nama aka rasa, sai ni na zo na same shi a shago. Matarsa Maijidda ta taɓa ce mini, "Malam Buba, rufin ɗakina yana yoyo tun damina uku, amma kwamfutar nan ko kwana bakwai ba ta taɓa yi da tsohon kaya ba." Na ce mata ta yi haƙuri, haka bayi suke, sai an tsaya a kansu.

Na tambaye shi wata rana ko me zai faru in ya huta wata ɗaya. Ya ce, "Fillo, ka san kachalla. In ka bar ta shekara ɗaya ba ka yanke ba, ba aikin shekara ɗaya za ka tarar ba." Wannan kam na gane, don na sha shiga ruwa da lauje.

A cikin tushen nan mai yawan gaske akwai wani ɗan guntu, in an buga shi a takarda bai fi shafi ashirin ba. Shi ne tafinta tsakanin akwatin ma'auni da kwamfuta. In babu shi, akwatin zai yi ta magana kwamfuta ba ta ji. Wani tsohon injiniyan ruwa ne ya rubuta shi a wata ƙasa mai sanyi, bayan ya yi ritaya. Sunansa da adireshin imel ɗinsa suna can a saman shafin farko. Zarami bai taɓa ganin ko hotonsa ba, kuma bai taɓa kiran sunansa ba. Dattijo yake ce masa, kuma in zai faɗa sai ya rage murya.

Dattijo dai ɗan Adam ne. Ya rubuta abinsa yana kallon ƙanƙara ta taga, sai ya sa doka cewa in akwatin ya ce zafinsa ya wuce wani mizani, to lallai ya lalace ne, a daina sauraronsa. Bawan Allah bai san watan Afrilu a Haɗeja ba. Bazarar farko, kullum ƙarfe ɗaya na rana ma'auni sai ya ɗauke, sai la'asar ya farfaɗo. Zarami ya yi mako biyu yana bin rubutun layi-layi har ya gano wurin, ya gyara. Daga baya ya gano wani, ya gyara. Tushe ya canza hanya, tafinta ya karye, ya ɗora shi. A hankali gyare-gyarensa suka kai goma sha ɗaya.

Ga inda Barebarcin ya shigo. A al'adar masu gayyar nan, in ka gyara abu sai ka aika gyaran zaurensu, wato wani dandalin imel da kowa ke karantawa. In sun duba sun yarda, sai su saka shi cikin tushe, daga nan ya zama na kowa, kai kuma ka huta. In ba ka aika ba, gyaranka yana nan a kwamfutarka kaɗai, kuma duk ranar da ka janyo sabon tushe sai ka sake ɗinka shi da hannu. Zarami bai aika ko ɗaya ba. Kowace Juma'a sai ya zauna ya sake ɗinka faci goma sha ɗaya, wani lokaci har magariba.

Na ce, "Kai bawana, me ya hana ka aika musu ka huta?"

Ya dube ni kamar na ce ya mari limami. "In aika in ce me? In ce Dattijo ya yi kuskure? A zaure, gaban dubban mutane?"

"To ba kuskuren ya yi ba?"

"Buba, mutumin nan ya haife ni a ilmi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wataƙila yana da dalilinsa."

"Dalilinsa shi ne bai taɓa shan rana ba!"

Ya juya ya ci gaba da ɗinkinsa.

Shekara huɗu da suka wuce, wata safiya ya leƙo shagona fuskarsa tana haske. Ya ce Dattijo ya yi magana a zaure. Na bi shi, ya karanta mini yana fassarawa. Layi biyu ne kacal. Dattijo yana tambaya ne ko akwai wani a duniya da yake amfani da wannan tafinta, in akwai yana son ya ji daga gare shi.

Na ce, "Alhamdulillahi, ga ƙofa ta buɗe. Amsa masa."

Ya ce, "Ai ba da ni yake ba."

"Da wa yake? Da ni?"

"Da manya yake. Hukumomin ruwa, jami'o'i. In babba ya yi tambaya a taro, ƙaramin ciki ba ya riga kowa buɗe baki. Za su amsa."

Ya jira manya. Manya ba su amsa ba. Shekara ta zagayo Dattijo ya sake tambaya, wannan karon layi ɗaya. Zarami ya ce tabbas sun amsa masa ta bayan fage, irin manyan nan ba sa son hayaniya. Shekara ta uku ba a yi tambaya ba, sai bawana ya ce, "Ka gani ko? Ya sami amsarsa." Ni kuma na koma bakin aikina, don ina da shanun mutane da ke jiran allura.

Bara, farkon watan Agusta, kogi ya fara cika, sai ga sanarwa a zaure daga matasan da ke riƙe da tushen yanzu. Suka ce za su yi shara. Duk wani guntu da ba shi da mai kula da shi za a cire shi nan da kwana talatin, sai fa in wani ya fito a zaure ya ce yana amfani da shi kuma zai ɗauki nauyinsa. Suka jero sunaye. Tafintan Dattijo ne na bakwai.

Ranar na ajiye wasa gefe. Na ce, "Zarami, mutum arba'in da iyalansu suna kwana da kunne a kan wayarka. Rubuta musu yanzu ina tsaye. Ka ce ga ni, ina amfani da shi, zan kula da shi. Kalma nawa ce?"

Ya ce ba a haka. Ba a karɓar gonar mutum yana raye ba a nemi izininsa ba. Zai rubuta wa Dattijo shi kaɗai tukuna, in ya sa albarka, sai ya fito zaure.

Kwana huɗu ya yi yana rubuta wasiƙar. Ya karanta mini ita, na kusa kuka don takaici. Ya gai da Dattijo, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya tambayi ƙarfin jiki. Ya ba da tarihin Haɗeja da na kogin. Ya yi godiya shafi guda. Can ƙasa, a inda mai karatu ya riga ya yi barci, ya ce in ba zai zama rashin ladabi ba, akwai wasu 'yan wurare da zafin ƙasarmu ya sa ya ɗan taɓa, ba don akwai aibi a aikin ba. Ya aika, ya zauna jira.

Kullum da safe sai na leƙa. "Ya amsa?"

"Manya ba sa gaggawa."

Kwana talatin suka cika ranar wata Laraba a Satumba. Kogi ya kawo iya wuya, shinkafarmu ta fara ja, saura kamar mako biyu a sa lauje. Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci na kama hannun rigarsa na ce, "Don girman Allah kada ka taɓa kwamfutar nan sai ruwa ya janye. Tana aiki, ƙyale ta."

Ya ce, "Ba za su cire ba. Mai abu bai yi magana ba."

Ya janyo sabon tushe. Sun cire. Wurin da tafinta yake wayam, ko sunan Dattijo babu.

Na ga lokacin da ya gani, don ina bakin ƙofa. Sannan ya ce ba komai, yana da kwafin tafintan a ajiye, zai mayar da shi da hannu kamar yadda ya saba mayar da facinsa. Mai hankali da a nan ya tsaya, ya bar kwamfutar a kan tsohon girki. Amma shekara goma sha ɗaya ba a tsallake Juma'a ba, sai a fara yau? Ya cusa tafinta cikin sabon tushe, ya ɗora girki. Abin da bai lura ba shi ne, masu sharar ba tafintan kaɗai suka cire ba, har ƙusoshin da yake rataye a kansu sun zare, tunda babu sauran mai amfani da su. Ga shi ma'ajiyar kwamfutar ƙarama ce, ba ta ɗaukar tsoho da sabo tare, sabon girki a kan tsohon yake zama.

Lahadi da la'asar girki ya sauka. Kwamfuta ta tashi tsaf, sabuwa fil, babu wadda ta fi ta zamani a faɗin Jigawa. Akwatin ma'auni yana ta magana, ita kuwa ko a jikinta.

Duk wannan daga baya na sani, don bai gaya wa kowa ba. Yana ganin zuwa gobe zai gyara, me zai sa ya ta da hankalin dattawa? Kuma da wane baki zai ce wa Baba Fannami ya kashe ma'auni da hannunsa? Litinin ta wuce yana ta fama, ƙofar shagonsa a sakaye.

Talata da safe na gangara bakin kogi sayen kifi. Akwai wani turke da masunta ke ɗaure jirage, na san tsayinsa kamar na san tsayin ɗana. Ranar Asabar ruwa yana gindinsa. Yanzu kansa kawai ake gani. Na ciro wayata na duba, ba saƙo. Na sake dubawa. Na bar kifin a hannun mai shi, na hau tudu da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina kiwo.

Na tura ƙofar. Yana zaune idanu sun yi ja. Na ce, "Ma'auni fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun shekaranjiya."

Abin da na faɗa masa ba zan maimaita a takarda ba, Allah na tuba. Na zage shi da Hausa, na koma Fillanci, na ari 'yan kalmomin Barebarcin da na sani na ƙara. Ina zagin ina kiran Baba Fannami. Da ya ɗauka na ce, "Baba, ku tashi, ruwa ya wuce mu tun jiya ko shekaranjiya, ma'auni a mace yake." Ya yi salati, ya kashe wayar.

Kwana ɗaya da rabi aka yi asara, kuma a fadama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aka fito maza da mata, aka cika buhuna, aka tsare jingar da ke kare gari da gonakin tudu. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba, ba a rasa gida ba. Amma gonakin kwari ruwa ya riga mu. Mutum goma sha biyu shinkafarsu ta nutse, ciki har da ni. Na shiga jirgi ina lalubo zangarniya a ƙarƙashin ruwa, abin da na tsira da shi bai kai na iri ba. Shi kuwa Zarami ya koma tsohon tushen da ya baro, ya sake ɗora girki, kuma kwana biyun da ake jira ya sauka, a gaɓa ya yi su da gora mai zane-zane, yana aunawa da hannu duk bayan awa ɗaya yana kiran Baba Fannami.

Da ruwa ya fara ja, Baba Fannami ya hau babur ya zo har shago. Tsoho ne da ya haura saba'in, ba ya ɗaga murya. Zarami ya durƙusa har ƙasa. Baba ya ce, "Tashi, ɗana. Shekara goma sha ɗaya kana tashinmu ba mu taɓa ba ka ko kifi ɗaya ba, ba zan zo in yi maka faɗa ba. Abu ɗaya ne. Da ka ce mana ya mutu, da mun tura mutum da gora tun ranar. Shirunka muka ɗauka lafiya."

Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ni dai na yi mako biyu ba na amsa sallamarsa da kyau.

Ana cikin haka amsar wasiƙa ta zo. Ya shigo shagona da wayarsa a hannu, ya zauna a kan buhun gishirin shanu ba tare da na ce ya zauna ba. Ya ce, "Buba, saurara." Ba Dattijo ba ne ya rubuto, 'yarsa ce. Ta ce mahaifinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, takan buɗe akwatin imel ɗinsa jefi-jefi ne, shi ya sa ta daɗe. Ta ce ta karanta wasiƙar sau uku, har da gaishe-gaishen. Ta ce tsohon ya yi hunturu biyu cur yana rubuta tafintan nan, sai kamfanin da ke ƙera akwatunan ya rufe. Daga nan yakan ce a wajen cin abinci, shi dai yana so ya san ko mutum ɗaya ya taɓa amfana da shi. Ya tambaya sau biyu, ba wanda ya amsa. Sai ya haƙura, ya ce aikin banza ya yi, kuma shi da kansa ya bar wa matasan saƙo cewa su cire shi duk ranar da suka ga dama. A ƙarshe ta ce, "Da gaske akwai kogin? Da gaske akwai manoman? In ba damuwa ka turo mini hoto. Kuma da ka aiko masa da kurakuran nan, da ya yi murna kamar yaro, don babu abin da yake so irin a kama shi da kuskure."

Zarami ya ajiye wayar a cinyarsa. Ya ce, "Sau biyu ya tambaya, Buba. Ina zaune ina karantawa."

Na ce, "Na sani. Ina wurin."

"Ni ina ganin girmama shi nake yi. Ashe rowa na yi masa."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, har haushin shinkafata ya ragu, ban ce ya tafi duka ba. Sai na ce ya tashi mu je shagonsa.

Wasiƙar da ta tafi zaure ranar ni na yi masa shiftarta, ina tsaye a kansa. Sallama layi ɗaya. Sunana Zarami, daga Haɗeja. Ina amfani da wannan tafinta shekara goma sha ɗaya. Yana da kurakurai goma sha ɗaya, ga gyaransu. Zan kula da shi. Ya so ya ƙara tambayar iyali, na riƙe masa hannu.

Kafin la'asar sun amsa. Ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Ɗaya ya ce madalla, ɗaya ya tambaya da gaske zafi yana kaiwa haka, ɗaya kuma ya nuna masa kurakurai uku a cikin gyaran nasa, a gaban kowa, ko gaisuwa babu. Na zaci zai suma. Sai na ga yana murmushi yana gyaɗa kai, ya ce yaron yana da gaskiya. Suka sa shi ya sake ƙera tafintan yadda zai rataya a kan sababbin ƙusoshi. Mako uku yana yi suna dawo masa da shi. A na huɗu aka mayar da shi cikin tushe. A saman shafin farko sunan Dattijo yana nan, a ƙarƙashinsa an rubuta na Zarami.

Hoton ma an aika. Baba Fannami ya tara mutane a gaɓa, wasu cikin jirage, kowa ya sa rigar sallah, ga ƙarfen ma'auni a tsakiya kamar ango. Ni ne na uku daga hagu, wanda bai yi dariya ba.

Yanzu aikin Juma'a ba ya kai shi rabin awa, tunda babu sauran faci. Ya sayi ma'ajiya babba mai ɗaukar tsoho da sabo. Kowace safiya saƙo yana fita ko ruwa bai tashi ba, kalma biyu: ma'auni lafiya. Rufin ɗakin Maijidda kuwa yana nan yana yoyo, kada ku ce na ce mutumin ya canza gaba ɗaya.

Bana da aka yi ruwan farko, na same shi yana rubutu a zaure. Na leƙa ta kafaɗarsa na ce ya fassara. Ya ce tambaya ce: ko akwai wani a duniya da yake amfani da wannan tafinta, in akwai yana son ya ji daga gare shi.

Yau wata uku ke nan. Kullum kafin ya share shago sai ya duba. Jiya na tarar da shi ya zuba wa allon ido, ya ce, "Buba, ko dai ni kaɗai ne?"

Na ce, "Ina! Wani Babarbaren yana can bakin wani kogi, ya tara kurakuranka goma sha ɗaya, yana yi maka kara."

Na yi tsammanin zai rama, ya ce mini Fillo mai bin saniya. Bai yi dariya ba. Ya jawo kujera, ya buɗe tambayar tasa, ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashinta. Na ce me ka rubuta?

Ya ce, "Na ce ko kuskure kuka gani ku faɗa mini. Ina raye."